Kwana Uku A Ɗakin Da Babu Agogo

A bakin ƙofa aka karɓi wayata. Wata yarinya mai fara'a ta saka ta a ambulan, ta rubuta lamba a jiki, ta rataya min kati a wuya, ta ce, "Anti, kwana ukun nan naki ne, kar ki bari duniya ta biyo ki ciki." Maganar ta yi min daɗi har cikin raina, don a lokacin ba abin da nake nema kamar duniya ta ƙyale ni in numfasa.

Shekarar 2023 ce. Ƙarancin takardun naira na farkon shekarar ya riga ya durƙusar da 'yar sana'ata ta atamfa da leshi, waɗanda nake sarowa a Kantin Kwari ina bi gida-gida ina bayarwa bashi. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu sai masu bashin suka daina ɗaga waya, ban kuma ga laifinsu ba. A tsakanin haka aurena na shekara 9 ya mutu, na dawo gidanmu da yara biyu. Duk wadda ta taɓa yin zawarci a ɗakin da ta yi 'yanmatancinta ta san nauyin shirun da ake yi idan ta shigo tsakar gida.

Ƙawata ce tun ta makarantar sakandare ta kawo ni. Ba ta taɓa ce min zo ki shiga ƙungiya ba. Cewa ta yi ranar Asabar za su kai abinci asibiti, ko zan zo in taya su zuba kunu a gora? Na je. Mun raba kunu da ƙosai da sabulu a ɗakin masu jego, wata tsohuwa mai jinyar 'yarta ta riƙe hannuna tana sa min albarka har na yi hawaye. Wannan aikin gaskiya ne, kuma har yau ban yi da-na-sanin sa ba. Asabar ta biyu aka ce ko zan ba da naira 500 ta sabulu. Ta uku aka saka ni a zauren WhatsApp. Kafin magariba mata sun fi 40 sun yi min maraba, kowacce da kalmarta mai daɗi, wata ta kira ni ta ce ta ga haske a fuskata tun ranar asibiti. Wata shida rabon da wani ya yabe ni a kan wani abu.

Ƙanina, wanda ya karanci halayyar ɗan Adam a jami'a, shi ya ba ni labarin wani gwaji daga baya, lokacin da na iya sauraro. A 1966 wasu masana biyu a Kalifoniya ta Amurka, Freedman da Fraser, sun bi gidaje suna roƙon a bari su kafa wani ƙaton allo mummuna na gargaɗin direbobi a ƙofar gida. Kashi 17 cikin 100 ne kawai suka yarda. Amma a gidajen da tun mako biyu kafin nan aka roƙe su su liƙa wata 'yar mitsitsiyar takarda mai irin wannan gargaɗin a taga suka amince, kashi 76 ne suka yarda da ƙaton allon. Wanda ya ce to a ƙaramin abu yakan fara kallon kansa a matsayin mai irin wannan hali, sai ya ji nauyin ƙin babban. Gorar kunu ce 'yar takardata. Ranar da aka ce akwai horo na kwana uku da kowacce mai aikin taimako take shiga don ta "gyara kanta kafin ta gyara wasu", kuma kuɗinsa naira 60,000, ban ji kamar ana sayar min da wani abu ba.

Ni kuwa a ganina ba ni da sauƙin cuta. A 2016, lokacin da MMM ta mamaye gari da alkawarin ribar kashi 30 a wata, tana kiran kanta al'ummar taimakon juna, ni ce nake bin 'yan uwa ina hana su, kuma kafin shekarar ta ƙare a watan Disamba aka rufe asusun mutane. Saboda haka na ɗauka na san kamannin yaudara: mai ce miki kawo kaɗan ki samu da yawa. Waɗannan ba su yi min alkawarin ko kwabo ba. Abin da suka ce zan samu shi ne kaina.

Ɗakin taron wani otal ne, tagogi a rufe da labule mai kauri, na'urar sanyaya ɗaki a ƙure, ba agogo a bango. Mun kai mu 60. Shugabar, wadda kowa yake kira Momi, ta shigo da kiɗa da tafi, mace mai kwarjini da iya magana, takan jawo aya ta haɗa da karin magana ta ɗora da labarin wahalar da ta sha. Kafin komai sai da aka karanto mana dokoki: ba zama kusa da wadda kika sani, ba fita sai an ba da hutu, ba cin komai a ɗakin, ba faɗa wa mutanen gida abin da ake yi a ciki don kar a ɓata wa masu zuwa nan gaba. Aka ce duk wadda ta amince ta miƙe. Kowa ya miƙe. Wata mata guda ta tsaya a zaune ta ce tana da ciwon suga, dole ta riƙa ɗan cin abu. Momi ta sa aka ba ta abin magana, ta shafe kusan rabin awa tana yi mata tambayoyi a gabanmu, cikin murya mai laushi, kan yadda ta saba fakewa da uzuri a rayuwarta, har matar ta miƙe tana kuka muna tafa mata. Ni ma na tafa. A raina na ji wani abu bai yi daidai ba, amma da na waiga na ga hannuwa sun fi 100 suna tafi sai na ce ni ce ban fahimta ba.

Daga ƙarfe 8 na safe muke har kusan 11 na dare. Hutun sallah minti 10 ne, abincin rana sai bayan la'asar. Idan aka tashi kuma akwai aikin gida: rubuta wasiƙa ga duk wanda ya taɓa ɓata miki, rubuta duk inda kika gaza. Na kwanta wajen ƙarfe 2, na tashi da asuba. A rana ta biyu kaina ya yi fayau kamar na mai azumin da bai yi sahur ba, abu kaɗan sai hawaye.

A ranar ne aka rage fitilu aka saka wani sauti mai sanyi, aka ce kowacce ta rufe ido ta tuna kanta tana yarinya. Daga nan aka fara kiran mutane gaba ɗaya bayan ɗaya. Sunan abin "sauke kaya". Ki faɗi abin da ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, in ji Momi, domin ciwon da aka ɓoye shi ne yake ruɓewa. Na ji abubuwan da ba zan maimaita ba har in koma ga Allah, abubuwan aure da na gidan iyaye da na ƙuruciya. Wadda ta faɗi abu mara nauyi sai a ce mata har yanzu tana riƙe da kayanta, ta koma ta sake tunani. Wadda ta faɗi mai girma sai a taso a rungume ta. Ba a jima ba muka gane irin wanda ake so.

Da aka zo kaina na faɗi nawa. Umma ta ba ni ajiyar sarƙarta ta gwal, wadda ta sayo a Makka shekarar da ta sauke farali, ni kuma na sayar da ita a ɓoye na biya bashin 'yan kasuwa, ina cewa zan mayar kafin ta tambaya. Ina faɗa gwiwoyina suka saki. Mata suka kewaye ni, wata tana shafa bayana, Momi ta riƙe fuskata ta ce, "'Yata, yau aka haife ki." Ba zan yi ƙarya ba, na ji sauƙin da na daɗe ban ji irinsa ba. Amma na ga wani abu lokacin da nake komawa kujerata: a can bayan ɗaki akwai tebur, mata biyu suna rubutu a littafi. Na ɗauka sunayen waɗanda suka yi magana suke rubutawa.

Rana ta uku biki ce. Rawa, farar riga, takardar shaida, kowa yana kiran kowa 'yar uwa. Ana cikin wannan murna aka raba mana takarda biyu. Ɗaya ta mataki na gaba ce, naira 150,000, amma wadda ta sa hannu kafin a tashi 100,000 za ta biya. Ɗayar kuwa an ce ki rubuta sunan mutum 20 da kike ƙauna da lambobinsu, waɗanda ba za ki so ki tsira ki bar su a baya ba. Na ce zan so in je gida in yi shawara, in yi istihara. Jagorar da aka haɗa ni da ita ta yi murmushi ta ce, "Da wa za ki yi shawarar? Da waɗanda suka gan ki kina nutsewa ba su miƙo hannu ba? Tsohuwar ke ce take magana." Na sa hannu.

Wannan kalma ta "tsohuwar ke" ita ce ta fi komai aiki a kaina a watanni 8 da suka biyo baya. Muna da harshenmu. Gajiya sunanta uzuri. Tambaya a kan kuɗi tunanin talauci ne. Duk wanda ya nuna shakka a gida, mai ja baya ne, kuma an gargaɗe mu tun farko cewa za su taso, don haka ranar da Umma ta ce, "Wai ke wace irin ƙungiya ce wannan da ba ta san dare ba?" sai na ji maganar Momi ta tabbata. Kalmomin gajeru ne, suna zuwa baki da sauri, kuma da zarar kin furta ɗaya tunanin ya tsaya a nan. Har a zuciyata, ni kaɗai a kan sallaya, idan shakka ta taso da kaina nake ce mata uzuri.

Kullum da asuba akwai rahoto ga jagora: ƙarfe nawa na tashi, mutum nawa na kira jiya, me ya hana ni kiran sauran. Asabar asibiti ko gidan marayu, Lahadi taro, Laraba da dare wani taron ta waya. Mu ne masu shara, mu ne masu karɓar waya a ƙofa, mu ne masu rungumar sababbi, ba a biyan kowa ko kuɗin mota, tunda hidima ce. Muna bin 'yan uwa da hoton marayu muna neman gudummawa. Takardar rajistar ƙungiyar tana rataye a bangon ofis cikin gilashi, ana nuna wa duk wanda ya tambaya, amma lambar asusun da muke rabawa sunan mutum ce take fitowa da shi. Sau ɗaya wata ta tambayi nawa aka tara a azumi da yadda aka kashe. Aka amsa mata da hadisin hannun sama ya fi hannun ƙasa, aka ce mai bayarwa don Allah ba ya bin sawun sadakarsa. Ba ta sake zuwa ba, aka ce mana ta koma tsohuwar rayuwarta, mu yi mata addu'a amma kar mu kira ta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ni ma na yi wa wata. Maƙwabciyarmu ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da keken ɗinki. Ban ce mata zo ki shiga ƙungiya ba. Cewa na yi ko za ta taya mu zuba kunu ranar Asabar. Na san abin da zai biyo baya mataki-mataki, kuma na yi imani alheri nake yi mata. Da kuɗin horo ya gagare ta na faɗa mata abin da aka koya min, cewa wadda ba ta iya sadaukar da abu don kanta ba ba ta shirya canzawa ba. Ta sayar da keken. Ranar ni aka kira gaba aka tafa wa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ni ce 'yar garin.

Ƙarshen abin ya zo ta hanyar ɗana. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, aka ba mu gado ana yi masa ƙarin ruwa, ranar kuma ta faɗo a ƙarshen makon horon sababbi, ni ce mai kula da ƙofa. Na kira jagorata na faɗa mata. Ta yi masa addu'a, sannan ta ce ai Umma tana nan, kuma Allah yakan jarrabi alkawari da abin da muka fi so. Na kalli yaron, hannunsa ɗaure da allura, na ji bakina ya ce ba zan zo ba, kuma ina ganin zan ɗan huta da ƙungiya gaba ɗaya. Ta yi shiru. Sai ta ce, da wannan muryar mai laushi, "To ba komai, 'yar uwa. Ni dai tausayinki nake ji, kar ki koma inda kika fito. Af, Umma kuwa ta san maganar sarƙar nan?"

Jagorar nan ba ta cikin ɗakin ranar da na faɗa. Nan take na tuna teburin baya da mata biyu masu rubutu.

Ba ta ce za ta tona ba, kuma wataƙila da ba za ta taɓa yi ba. Ba ta buƙata. Tambayar kaɗai ta isa ta mayar da ni bakin ƙofa ranar Juma'a, kuma na tabbata ta mayar da wasu. Na zauna a bakin gadon asibitin jikina yana rawa har aka kira sallar isha'i. Umma ta shigo da kwanon abinci. Kafin ta ajiye na ce, "Umma, akwai maganar da nake so in faɗa miki," na faɗa mata komai, daga sarƙar har zuwa wayar da aka yi min yanzu.

Kwana biyu ba ta yi min magana ba sai abin da ya shafi yaron. A na uku, muna haɗa kaya za a sallame mu, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Sarƙa dukiya ce, ta tafi ta tafi. Abin da ya yi min ciwo shi ne mutum 60 sun ji kafin ni. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Daga baya malamarmu ta Islamiyya ta tuna min hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ana yafe wa dukkan al'umma ban da masu bayyana laifinsu bayan Allah ya rufa musu asiri. Na san hadisin tun ina yarinya. Tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, haƙƙi kuma wurin mai shi ake kai shi. A ɗakin nan mai sanyi, da yunwa da rashin barci, ko sau ɗaya bai faɗo min ba.

Ina sanar da su na bari, ba a yi awa ɗaya ba aka cire ni daga zauren. Matan da suke kirana 'yar uwa safe da yamma ba wadda ta tambayi jikin yaron. Ƙawata ta sakandare ta turo saƙo guda, cewa tana sona amma an shawarce ta ta kiyaye zuciyarta daga masu ja baya. Mutane suna zaton wanda ya fito daga irin wannan wuri murna yake yi. Ni kewa na yi, mai tsanani. Asabar ta zo ba inda za ni, asuba ta yi ba wanda yake jiran rahotona. Sau biyu na ɗauki waya zan ba da haƙuri.

A wannan lokacin ne ƙanina ya riƙa zama da ni bayan magariba. Bai taɓa ce min ai na faɗa miki ba. Ya ba ni labarin wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Lifton, wanda ya zauna a Hong Kong a shekarun 1950 yana hira da mutanen da suka fito daga gidajen sauya tunani na gwamnatin Sin, ya fitar da alamomi 8 a 1961. Yana lissafowa ina ganin ɗakinmu: a tsare abin da mutum yake ji da wanda yake magana da shi, a sa shi ya fallasa kansa a gaban jama'a, a ba shi gajerun kalmomi masu toshe tunani, a raba duniya gida biyu, na ciki mutane ne, na waje ba a bakin komai suke ba. Ya ce yawancin irin waɗannan ba da mugunta suke buɗe ƙofa ba. Synanon, wadda Charles Dederich ya kafa a 1958 a Santa Monica, wurin taimakon masu shaye-shaye ce, kuma tana da zaman da ake kewaye mutum ana caccakarsa da sunan magani. A 1978 mabiyanta suka saka maciji a akwatin wasiƙar wani lauya da ya yi ƙararsu, ya sare shi, Allah ya yi da sauran kwanansa. Jim Jones, shugaban wata ƙungiyar addini a Amurka, da ciyar da mabuƙata da kula da tsofaffi ya yi suna a Indiyana, kafin mutanensa fiye da 900 su mutu a dajin Guyana a watan Nuwamban 1978. Wadda ta fi girgiza ni ita ce NXIVM ta jihar New York, da ta fara a matsayin kwas na koyon cin nasara a rayuwa. A wani ɓangarenta na sirri sai mace ta miƙa jingina kafin a karɓe ta: hotunan tsiraicinta, ko rubutaccen asirin da zai kunyata ta da danginta. A watan Oktoban 2020 kotu ta yanke wa shugabanta Keith Raniere ɗaurin shekara 120.

Ban ce tamu ta kai can ba. Ba a doke ni ba, ba a kulle ni ba, kunun da muka raba kuma marasa lafiya ne suka sha. Amma jingina na ba da ranar sauke kaya ba tare da na san sunanta ba, kuma akwai littafi a wani wuri a garin nan ɗauke da asirin ɗaruruwan mata. Idan na tuna abin da wasu suka faɗa a ɗakin, wanda ya ninka nawa nauyi, wanda zai iya kashe aure ko ya raba uwa da 'ya, nakan gane dalilin da ya sa har yau suke tsaye a bakin ƙofa suna karɓar waya suna murmushi.

Na je wurin maƙwabciyarmu sau uku. Na farko ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta gode, amma an riga an faɗa musu zan zo. Na biyu ta aiko 'yarta ta ce tana barci. A na uku ban yi maganar ƙungiya ba sam. Na faɗa mata na shiga adashi, ɗibana yana zuwa bayan babbar sallah, kuma na riga na yi magana da mai sayar da kekunan ɗinki na hannu, akwai irin nata sak. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sai ta ce, a hankali yadda yaran ba za su ji ba, "Ke da kika fita, sun faɗa wa Umma abin da kika faɗa?"

Na ce a'a, ni na riga su. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta ɗora ruwan shayi.